Kwamfutar da ke Mutuwa Ba Sallama

Ba kowace mutuwar kwamfuta ce iri ɗaya ba. Akwai wadda hoto ke fara rikicewa, ɗigo-ɗigo da layuka masu launi su bazu a fuskar allo kafin komai ya tsaya cik. Akwai wadda allo ke yin baƙi na ɗan lokaci, sannan ya dawo da saƙon cewa direban hoto ya daina amsawa amma ya farfaɗo. Windows ce ke yin haka idan ta jira katin hoto daƙiƙa 2 bai amsa ba. Akwai kuma wadda na'urar ke ɗaukewa ɗungurungum, fanka ta tsaya, fitila ta mutu, kamar an zare waya daga bango. Biyun farko alama ce ta katin da aka tilasta wa gudun da ba ya iyawa. Ta uku kuwa, galibi daga wuta take ko daga zafi.

Wani matashi a Maraɗi ya koyi wannan bambanci a lokacin da abincinsa ya rataya a kai. Sana'arsa haɗa bidiyon biki da suna, jarinsa kuma kwamfutar tebur guda ɗaya wadda ya harhaɗa da tarin shekara biyu. A cikinta akwai katin hoto Radeon RX 580 da ya saya a hannu. Kamfanin AMD ya fitar da wannan kati a 2017, da gudun ƙoli na MHz 1340 da cin wuta na wat 185. Manhajar da yake aiki da ita, DaVinci Resolve, tana ɗora wa katin hoto nauyi sosai, musamman wajen gyaran launi da fitar da bidiyon ƙarshe.

A wani watan Afrilu aiki ya taru masa, masu biki suna ta kira. Sai ya yi shawarar ƙure wa katin gudu, wato ya sa shi aiki da saurin da ya wuce wanda masana'anta suka ƙayyade masa. Ya buɗe MSI Afterburner, ya kai gudun zuwa 1450, ya ƙara ƙarfin bolt, ya ja iyakar cin wuta har ƙarshe. Minti goma na farko komai lafiya. Daga nan kwamfuta ta ɗauke ba sallama. Ya kunna, ya sake farawa, ta sake ɗaukewa. Abin da ya fi tayar masa da hankali ba jinkirin ba ne: irin wannan ɗaukewa tana iya lalata fayil ɗin da ake cikin rubutawa, biki kuwa ba a maimaita shi don mai ɗaukar hoto. Saboda haka kafin ya taɓa komai sai da ya kwafe hotunan mutane zuwa wani faifai na waje.

Zuciyarsa ta riga ta yanke cewa katin ne ya lalace, har ya fara lissafin kuɗin wani. Ƙanin mahaifinsa, tsohon mai gyaran rediyo da talabijin, shi ya dakatar da shi.

"Ɗana, yaya take mutuwa? Tana shure-shure tukuna, ko faɗuwa take yi lokaci ɗaya?"

"Lokaci ɗaya, Baffa. Ko ƙyaftawa babu."

"To, kada ka yi saurin ɗora wa kati laifi. Ka canza abu ɗaya, ka gwada, ka rubuta. In ka canza uku tare, ko ta warke ba za ka san maganin ba."

Dattijon bai taɓa riƙe katin hoto ba, amma ya san halin wuta. Da wannan ƙa'ida matashin ya bi abin daki-daki.

Da farko ya mayar da katin kan saitinsa na asali, ya kuma hana manhajar ɗora sabon gudun a duk lokacin da aka kunna. Kwamfuta ta yi sa'a biyu tana aiki ba ta ɗauke ba. Wannan ya nuna katin na da rai, kuma ƙarin da aka yi ne ke jawo matsalar. Ya leƙa Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta abin da ya faru, ya tarar da Kernel-Power mai lamba 41. Mutane da yawa kan ɗauka wannan saƙo ya bayyana cutar, alhali abin da yake faɗa kawai shi ne na'urar ta mutu ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba.

Na biyu ya nemi zafi. Wanda kwamfutarsa ta mutu ba ya iya karanta allo, don haka ya sa GPU-Z ta riƙa rubuta ma'aunai cikin fayil kowace daƙiƙa. Ya hure ƙurar hunturu da ta toshe ƙarfen sanyaya, ya maido da ƙarin gudun, ya jira. Da ta ɗauke, layin ƙarshe ya nuna digiri 78. Da zafi, amma ba zafin kisa ba. Katin zamani ma idan ya yi zafi yakan rage gudu da kansa tun kafin a kai ga kashewa. Na uku ya lura da wutar gida: fitilar ɗaki ba ta ko girgiza a lokacin, kuma ko da ya bi ta na'urar daidaita wuta abin bai sauya ba.

Saura akwatin wuta, wanda ke karɓar wutar bango ya rarraba wa kayan ciki. A jikinsa an rubuta wat 500 da manyan baƙaƙe, daidai da abin da ake so ga wannan kati. Baffa ya sa tabarau ya karanta ƙananan. Layin bolt 12, wanda katin hoto da ƙwaƙwalwar kwamfuta ke sha daga gare shi, amfiya 28 kawai yake bayarwa. An ninka 28 sau 12, aka sami wat 336. Sauran adadin yana kan layukan bolt 5 da 3.3, waɗanda katin kusan ba ya amfana da su.

A nan lissafi ya fito fili. Cin wutar kati yana ƙaruwa daidai da gudu, amma game da bolt ninki biyu yake hawa: ƙarin kashi 10 cikin ɗari na bolt yana kawo kashi 21 na wuta. In aka haɗa da ƙarin gudu na kusan kashi 10, sai a doshi kashi 33. Katin wat 185 ya koma neman wajen 245. Ƙwaƙwalwa na cin 65, babban allo da faifai da fankoki wajen 40. Bisa saitin asali jimla 290 ce, tana ƙasa da 336. Bayan ƙari ta kai 350, ta haura. Ramin da ake soke kati a ciki wat 75 aka tsara masa, wayar mai baki 8 kuma 150, wato 225. Ko nan ma an ƙetare iyaka. Ga shi kuma akwatin wuta yana raguwa da ƙarfi in ya yi zafi. Masu araha akan auna su ne a ɗaki mai sanyi, Afrilun Maraɗi kuwa yakan wuce digiri 40. Ashe akwatin ba cutar da shi yake yi ba, kariyarsa ce ke yanke wuta don kada wani abu ya ƙone.

Wannan matsala ba ta talaka kaɗai ba ce. Katin hoto kan yi fizgar wuta ta ɗan ƙanƙanin lokacin da manhajar aunawa ba ta gani. Shi ya sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ya fitar a 2022 ta bukaci manyan akwatunan wuta su jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon kashi ɗaya cikin 10,000 na daƙiƙa.

Lissafi dai zato ne har sai an gwada. Ya bar gudun a 1450 ya rage iyakar cin wuta: ba ta ɗauke ba. Ya aro akwati mai inganci wurin abokin sana'a, ya maido da ƙarin duka: ba ta ɗauke ba. Nasa akwatin bai buɗe shi ba, domin Baffa ya gargaɗe shi cewa akwai kayan da ke riƙe wuta mai kisa a ciki ko bayan an zare waya.

Sannan ya zauna ya auna ribar. Daga 1340 zuwa 1450 ƙarin kashi 8 ne. Ko da duka ya koma sauri, aikin sa'a guda bai rage minti biyar cikakku ba. A kan wannan ya yi asarar kwana biyu, ya kuma sa amanar mutane cikin haɗari. Garin neman ƙiba ya kusa samo rama. Sai ya mayar da gudun asali, ya riƙa rage bolt kaɗan-kaɗan yana gwadawa, har ya sami inda katin ke aiki lafiya da ƙarancin zafi. Kuɗin da ya so ya zuba a sabon kati ya fara tara su don akwatin wuta, wanda a da shi ne abu na ƙarshe da yake tunawa idan yana lissafin kayan kwamfuta.