Ka Kai Wa Likita Labarin Ciwo, Ba Sunansa Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta zama mana jiki, mai karatu, wadda ta daɗe tana damuna. Da zarar ciki ya murɗa, jiki ya ɗauki zafi, tun kafin a bar gida an riga an raɗa wa ciwon suna: ko taifot da maleriya, ko olsa. Da wannan suna ake zuwa kemis, da shi ake shiga wurin likita. Idan likitan ya tsaya tambayoyi, sai a ga kamar jan rai yake yi. Alhali a ciwon ciki, amsar da ka bayar takan fi takardar gwaji nuna hanya.

Ɗauki afendis. Sau da yawa ciwonsa yakan fara ne a kewayen cibiya, sannan bayan wasu sa'o'i ya gangara ƙasan ciki ta hannun dama ya kafe a nan. Abinci ya fita daga rai, amai ya biyo baya, tari ko gargadar hanya su tsananta shi. Wannan ƙaura da ciwon ya yi babu gwajin jinin da zai faɗe ta, sai bakinka. Shi ya sa likita ke tambayar inda ya fara, sannan ya kwantar da kai yana danna cikin a hankali, idonsa a kan fuskarka. In ka ce masa "taifot ɗina ne ya tashi", ka rufe ƙofar da ya kamata ya shiga.

To ina batun gwajin taifot da muka ɗauka yankan shakku? Wanda aka fi yi mana shi ne na Widal, wanda wani likitan Faransa mai wannan suna ya fito da shi a 1896. Ba ƙwayar cutar yake nema ba, sai alamar da garkuwar jiki ta bari bayan ta yi karo da ita. A wuraren da ruwan sha ke gurɓata, mutum lafiyayye ma gwajin na iya nuna yana da ita, zazzaɓin cizon sauro kuma kan ruɗa sakamakon. Abin da ke tabbatarwa shi ne a ɗebi jini a reni ƙwayar a ɗakin gwaji na 'yan kwanaki, shi ma kafson da ka sha tun daga gida yana iya ɓata shi.

Ba raina taifot nake yi ba. Ta gaskiya takan huda hanji, galibi wajen mako na uku na zazzaɓin. Yaron da ya daɗe yana zazzaɓi, kwatsam ciki ya kumbura ya sanƙare kamar katako, ba ya ko son a taɓa shi, wannan aikin tiyata ne, kuma ba a kwana da shi a gida.

Ke kuma 'yar'uwa, idan aka tambaye ki ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, ba shisshigi ba ne. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa yakan zo da ciwon mara ta gefe guda, da jiri, wani lokaci da ɗigon jini, kuma in ya fashe jinin a ciki yake zuba, ba a gani. In kunyar surukar da ta rako ki ce za ta ɗaure miki baki, likita zai iya sa ta jira a waje.

Ka tafi da fankon duk maganin da aka sha, har da jiƙo, ka faɗa. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna cin bangon tumbi, kuma bayan gida baƙi kamar kwalta na iya zama jini ne. Idan ciwon ya yi tsanani, kada a ba mara lafiya maganin wankin ciki, a kuma dakata da abinci har likita ya gan shi, domin in aiki za a yi, ana bukatar cikin babu komai.