Damina uku ko damina takwas

Jama'a, wanda ya ci jarrabawar bak bai gama ba. Sai ya zaɓi fannin da zai karanta a jami'a. Zaɓin nan kamar zaɓin iri ne, ba a sake shi tsakiyar damina.

Ga wata yarinya a unguwar Bobiyel, cikin Yamai. Gidan kawunta take zaune. Iyayenta manoma ne a ƙasar Dogon Dutsi. Bak ɗinta na kimiyya ne, wanda ake ce ma D. Da shi ana iya shiga fannin likita ko fannin noma. Ita noma ta zaɓa, amma ba don ta riƙe hauya ba. So take ta koyar.

Nan ne magana ta yi tsawo. Jami'ar Yamai tana hayin kogi, sai an ƙetare gadar Kenedi. An kafa ta a 1971. A 1992 aka sa mata sunan Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin hasken rana, wanda shi ma malami ne. Karatun can hawa uku ne. Lisans shekara 3. Mastar shekara 2. Doktora shekara 3. Mai son koyarwa a kwalej ko lise, akwai makarantar horon malamai cikin jami'ar. Mai son koyar da ɗaliban jami'a kuwa, sai ya yi niyyar hawa ukun duka.

Ubanta ya zo Yamai bayan girbi. Shi da damina yake lissafi, kuma lissafinsa daidai ne. Ya ce: "Ɗiyata, damina uku na ji. Takwas fa? Ƙannenki biyu suna lakkwal. Sa guda ya rage mini."

Ta ce: "Baba, in na tsaya a uku, gonar mutum nawa zan duba? In na koyar, ɗalibaina za su kai har Difa."

Bai amsa ba. Maganar aure ma tana bakinsa, kunya ta hana.

Kawu ne ya raba gardama. Ci da kwana nasa ne har ta gama lisans. Ba za a saida san ba. Zancen mastar kuma sai an ga makinta, an ga rumbu.