Gero, Raƙumi da Kifin Shari: Abin da Na Ci a Njamena

Wanda ya tashi daga Maiduguri da sassafe zai nufi Njamena a mota, ƙasa uku zai taka. Daga Dikwa sai Gamboru Ngala, a haye gada a shiga Fotokol ta Kamaru, a miƙe har Kusiri, sannan gadar Ngeli da ke kan kogin Logon ta sauke mutum a Chadi. A taswira tafiyar ba ta da tsawo, amma ramuka da shingaye da fargabar tsaro sukan ninka ta. Tsohuwar hanya ce. A Dikwa Rabe ya kafa fadarsa, a Kusiri kuma aka kashe shi cikin Afrilun 1900, rana ɗaya da kwamandan Faransa Lamy, wanda aka laƙaba wa sabon garin da ke tsallaken kogi sunansa. Fort-Lamy ake ce masa har 1973, lokacin da Shugaba Tombalbaye ya sauya sunan zuwa Njamena. Ta nan kakanninmu mahajjata suka riƙa bi da ƙafa da jakuna, su wuce Abeshe, su ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya. Da yawa guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya neman na gaba, suka yi aure, zama ya kama su.

Mai masaukina jikan irin waɗannan mutane ne, dattijo ɗan kasuwa da ke juya Hausa da Larabcin Chadi da Faransanci yadda ya ga dama. Daren da na sauka ya ce mini, "Malam, ɗakin kwana ka samu. Maganar ci kuwa, ka bar ta a hannuna, gobe ka biyo ni." Na ce, "To, Alhaji." Lokacin sanyi ne, hunturu ya lulluɓe kogin Shari da hazo, kuma an ce mini na yi sa'a, don a watan Afrilu zafin garin kan wuce digiri 40, ko tuwo ba ya shiga da rana.

Karin safe ba shi da wata baƙunta. Shayi ne ja mai kauri a ƙaramin kofin gilas, da dogon burodin nan da Faransawa suka bari, da fangasu mai zafi, wanda ɗan'uwan funkasonmu ne, sai kunun gyaɗa ga mai so. A wasu shagunan akwai ful, dafaffen waken Masar da ake dagargazawa a zuba mai da albasa, abin da ya shigo daga Sudan. Ciniki kuwa da riyal ake yinsa, riyal ɗaya sefa biyar, daidai da yadda mutanen Maraɗi ke lissafi da dala. In mai shayi ya ce riyal ɗari, sefa 500 yake nufi.

Da hantsi ya dubi ludayi muka nufi wajen masu gashi. A wurinmu tsire da balangu abincin yamma ne, amma a nan na tarar da rumfunan nama cike da mutane tun kafin azahar: ma'aikatan ofis, direbobi, 'yan kasuwa masu rawani, kowa ya wanke hannu da buta ya zauna a benci. Naman raƙumi ne kan gaba. Mai gashi yakan yanko tsoka daga babbar gunduwa da ke kan waya, ya sassara ta ƙanana a kan katako, ya haɗa da yankan tozo, ya zube a faranti. A gefe gishiri ne da dakakken barkono da suke kira shatta, da ɗanyar albasa, da lemun tsami, da burodi. Babu ƙuli, babu jan mai, babu wani haɗin yaji da zai rufe nama. Duk mai gashin da ya yi haka ya amince da naman da yake sayarwa.

Kuma ya cancanci amincewar. Tsokar raƙumi ba ta da kitse sosai, shi ya sa ake haɗa ta da tozo, wanda in ya ji wuta yakan yi laushi ya narke a baki ba tare da ya ginshi mutum ba. Na ci na sa, na ci na tunkiya, na ɗanɗana marara, wato kayan ciki da ake dafawa da albasa da barkono, amma raƙumin ne ya zauna mini. Dalilin daɗin naman ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar dabbobin da gwamnatin Chadi ta yi a tsakiyar shekarun 2010 ta samu sama da kai miliyan 90, galibinsu shanu da tumaki da awaki da raƙuma, ƙasar kuma tana cikin waɗanda suka fi kowa yawan raƙuma a duniya. Babbar mayankar garin a lokacin tana unguwar Farsha, kuma dabbar da aka yanka da asuba ita ce a kan wuta da hantsi. Wani kaso mai yawa na shanun da ake ci a Maiduguri da Kano har Legas daga nan yake fitowa, sai dai mu sai sun sha tafiya sun rame suke iso mana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, duk da haka, abincin rana ne, kuma a kansa nake so in daɗe. Kusa da Kasuwar Gero, wata babbar kasuwa da hatsi ya ba ta suna, akwai ɗakunan cin abinci da ba su da allo ko suna a ƙofa, labule ne kawai da ƙamshi. Muka shiga ɗaya, muka zauna a tabarma. Aka kawo tire guda, a tsakiyarsa esh, tuwon gero da aka mulmula a ƙoƙo aka kifar, ya fito sumul. Kewaye da shi miya kala-kala a ƙananan kwanoni. Wasu baƙi biyu da ba mu san su ba suka yi sallama, mai masaukina ya matsa musu, muka sa hannu tare. Ba wanda ya tambayi wani daga ina yake sai da aka kusa cinyewa.

Miyar farko daraba ce, ta kuɓewa, da sharmut a ciki. Sharmut nama ne da ake yankawa siri-siri, a shanya a igiya ya bushe ƙayau ba tare da an shafa masa komai ba, sannan a daka shi a zuba a miya. Inda kilishi yake abin marmari, shi sharmut ajiyar gida ne, dabarar makiyayi da ba shi da firij. Ɗanɗanonsa kan ratsa miyar gaba ɗaya, ba sai an tsamo tsoka ba. Ta biyun baƙa ce wuluk, mai wari da ya buge ni tun daga nesa. Na tambayi matar da ke zuba abincin, na ce, "Hajiya, wannan fa?" Mai masaukina ya fassara mata, ta yi dariya ta ce kawal ne, kuma in daga ƙasar Hausa nake to ganyen yana bayan gidanmu.

Tafasa ce. Tafasar nan da ke fitowa a bakin hanya da juji da damina, wadda a wurinmu ake kwaɗawa da ƙuli, wasu ma suna ganin ta abincin shekarar yunwa. Mutanen gabashin Chadi da Darfur sukan tsinko ganyen, su daka shi ɗanye, su danna shi a tulun ƙasa, su binne tulun a inuwa. Ana buɗewa lokaci-lokaci a juya, bayan kamar mako biyu ya ruɓa yadda ake so, a cura shi ƙanana a shanya. Abin da ya fito yana yin aikin daddawa, har ya zarce, domin gidan da ba shi da kuɗin nama da shi yake maye gurbin nama. Loma ta farko sai da na daure, ta uku kuwa hannuna da kansa yake komawa kwanon. Na yi ta tunanin yawan tafasar da ke bushewa a banza tsakanin Katsina da Damagaram kowace kaka.

Akwai kuma kisar, wadda ake yi da ƙullun dawa ko masara da ya kwana ya yi tsami. Mai yin ta takan zuba ludayi guda a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, ta share shi da sauri ya bazu, ya yi sirantaka kamar mayafin amarya, kafin ka ƙifta ido ta ɗaga ta ɗora a kan 'yan'uwanta. Ta fi sinasir sirantaka nesa ba kusa ba, kuma tsaminta ne ke yanke santsin kuɓewa.

A nan ne na ji wani abu ya sosa mini rai. A manyan garuruwanmu, in mutum ya shiga gidan abinci mai tebur da fanka, shinkafa ce sarauniya: dafa-duka, soyayya, fara da miya, ko tuwon ma na shinkafa ne. Gero mun tura shi ga kunu da fura, tuwon dawa kuma mun bar wa ƙauye da gidan marasa hali. A Njamena akwai shinkafa da taliya, ba a rasa su ba, amma na ga mutum ya sauko daga babbar mota da rigarsa mai aiki ya zauna gaban tuwon gero da miyar kawal, ba ya waige-waigen wa zai gan shi. Hatsin da ƙasarsu ke iya nomawa da ɗan ruwan saman da take samu, shi suke ci da alfahari a tsakiyar babban birninsu. Mu da muke da gero iri ɗaya da ƙasa iri ɗaya, ban ga dalilin da zai sa mu riƙa jin kunyar abin da gonarmu ta ba mu ba.

Bayan la'asar sai shagunan lemo. Kusan kowane titi akwai su: injin markaɗe, tulin mangwaro ko gwaiba ko ayaba ko piya gwargwadon lokaci, madara, sukari da ƙanƙara. Kofi guda kan ƙosar. Mai son abu mara nauyi sai ya nemi karkanji, zoɓonsu ke nan.

Akwai wata Njamenar ta daban a titin Charles de Gaulle da manyan otal-otal na bakin kogi, inda ake samun gidajen abincin Labanawa da Faransawa da 'yan Sin. Na leƙa, na ci shawarma mai kyau, na ga farashin da ya sa na fahimci yadda aka yi a 2014 kamfanin Mercer ya sa garin a matsayi na biyu, bayan Luwanda, a jerin biranen da suka fi tsada ga baƙin ma'aikata. Chadi ba ta da teku, kayan gwangwani da cuku da garin alkama sai sun yi tafiyar kusan kilomita 1,800 daga tashar Duwala, kuɗin man fetur da ya fara shigowa a 2003 kuma ya ƙara hura wutar tsadar. Abinci ne mai tsabta, amma irinsa ake samu a Abuja ko Dakar.

Da dare sai garin ya juya kudu. A unguwannin Mursal da Shagwa da Kabalai, inda 'yan kudancin ƙasar suka fi yawa, mata ne ke riƙe da wuta. Sukan jera karfasa da giwan ruwa a faranti, mai saye ya nuna wanda yake so, a tsattsaga shi a cusa masa tafarnuwa da citta da barkono, a gasa a gabansa. Wuraren suna da kiɗa, galibi kuma kusa da mashaya suke, saboda haka mai masaukina ya zaɓa mana wata baiwar Allah da ke gashi a ƙofar gidanta, ta shimfiɗa mana tabarma daga gefe. "Baba, wanne za a sa muku?" ta tambaye shi da Larabci, duk da cewa ita 'yar ƙabilar Sara ce, shi Bahaushe. Kifin ya zo fatarsa ta yi ƙus-ƙus, cikinsa fari tas yana tururi, ba ƙarnin laka ko kaɗan. Daga Shari da Logon ake kamo shi, inda Kotoko da Masa suka gaji su, a tafkin Chadi kuma akwai masunta Hausawa da yawa. Wanda ba a sayar ɗanye ba shi ake mayarwa banda, ko a shanya ƙananan da suke kira salanga, kuma bandar yankin tafkin ce ta daɗe tana bi ta Baga da Maiduguri har kasuwannin kudancin Najeriya. Garin nan ya ga yaƙi a 1979 da 1980, lokacin da unguwannin arewa da na kudu suka zama sansani biyu, ya sake gani a 2008. Ganin mai rawani daga arewacin gari zaune yana jiran kifin matar Mursal ba ƙaramin abu ba ne.

Ita ce ta ba mu labarin wahalar makamashi. A farkon 2009 gwamnati ta hana sayar da gawayi don kare itatuwa, masu abinci suka shiga tasku, wasu suka koma hura wuta da ƙwallon goruba da kashin shanu kafin tukunyar gas ta yaɗu. Ta ce miya ta yarda da gas, amma kifi bai yarda ba, shi garwashi yake so.

Ranar da zan juyo na koma kasuwa sayen tsaraba. Na sayi dabinon Faya, da sharmut, da kawal da aka ƙunshe mini sau uku saboda abokan tafiya. A layin mata Kanembu na ga wasu ɓaɓɓarke-ɓaɓɓarke kore shar a faifai, ana auna su da ƙoƙo. Dihe ne, gansakukar da ke tasowa a tafkunan kanwa na ƙasar Kanem. Mata ke kwasar ta da safe, su zuba a ramin yashi ruwan ya tsotse, ta bushe su farfasa. A kasuwar garin nan masanin tsirrai ɗan Beljiyam Jean Léonard ya gan ta a 1964, bincike ya nuna fiye da rabin nauyinta sinadarin gina jiki ne, yau kuma ita ce spirulina da ake sayarwa da tsada a kantunan maganin Turai da Amurka. Tsohuwar da ta auna mini ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, ka gaya wa maiɗakinka ta jiƙa shi tukuna, ta tace yashin, sannan ta zuba a miya da albasa da barkono. In ta zuba haka nan, haƙoranku za su sha wuya." Na biya ta, muka yi sallama, na hau babur zuwa tashar motocin Kusiri don in haye gada kafin a rufe ta da yamma.