Wace Manhaja Ce Za Ta Ji Yaren Kalangu?

Rubutun wannan mako daga Rijiyar Zaki yake zuwa muku, a ƙaramar hukumar Ungogo, kuma kan wata gardama ce da ta ci mana makonni: wace manhaja ya kamata mu ɗora a kwamfuta don ɗaukar murya da haɗa kiɗa?

Mu 'yan tsiraru ne a unguwa, wasu sun gama difloma, wasu na koyon sana'a, abin da ya haɗa mu shi ne son rubutu da waƙa. Mun yi adashi mun sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, da makirfo ɗaya, da ƙaramin akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta. Dalilinmu a fili yake. Gonakin da muka taso muna gani a gefen gari ana ta yanka su filaye, inda aka shuka gero shekarun baya yau bulo ne a tsaye. In gona ta tafi, gayya ta tafi, in gayya ta tafi, mai gangar noma ya rataye gangarsa. Haka waƙoƙin daka da na niƙa da na gaɗa, injin niƙa da wayar hannu sun tura su lungu. Waɗanda suka iya su tsofaffi ne, ba kuma jiran mu za su yi ba. Muna so mu ɗauki abin da ya rage, mu kuma ɗora namu waƙoƙin a kansa.

Duk wanda muka tambaya cikin masu shiga situdiyoyin Zoo Road, suna biyu yake fara kira: FL Studio da Cubase. FL Studio na kamfanin Image-Line ne na ƙasar Beljiyam. Da sunan FruityLoops ta fara a ƙarshen shekarun 1990, aka sauya mata suna a 2003. Asalinta manhajar jera bugun ganga ce. Za ka ga layukan ƙananan akwatuna, ka danna wanda kake so ya yi ƙara, kiɗa ya riƙa zagayawa. Shi ya sa yaro mai ƙwazo zai iya fitar da kiɗa a rana ɗaya. Wanda ya saya kuma ba ya sake biyan kuɗin sabuntawa. Cubase ta girme ta, ta kamfanin Steinberg ce ta birnin Hambug a Jamus, ta fito a 1989, daga baya Yamaha ya sayi kamfanin. Ga mu nan Kano wannan ba ƙaramar alaƙa ba ce, domin da fiyanon Yamaha aka gina kiɗan finafinan Hausa tun shekarun 1990, kiɗan da har yau ake kira kiɗan fiyano, wanda waƙoƙin nanaye suka hau.

Duka biyun manyan kayan aiki ne, ba mu raina su ba. Sai dai da muka zauna muka yi tunanin abin da muke son ɗauka, muka ga tambayar ta wuce ta "wacce ce ta fi". Manhajar haɗa kiɗa tana zuwa da tunanin waɗanda suka ƙera ta. Da ka buɗe sabon shafi za ka tarar an riga an yanka lokaci gida-gida, bugu huɗu-huɗu, an kuma yanka sauti zuwa muryoyi 12 na fiyano. Akwai maɓallin da in ka danna, duk bugun da ya kauce wa layi sai a ja shi a dawo da shi kan layi. Ga kiɗan rawa na zamani wannan alheri ne. Ga kalangu kuwa, lamarin daban ne.

Kalangu magana yake yi. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata yana saki, sautin na hawa yana sauka a cikin bugu ɗaya, yana kwaikwayon karin harshenmu. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya ke sauya ma'ana a cikinsa: kukan yaro daban, kukar miya daban, alhali a rubuce haruffan "kuka" ɗaya ne. Wanda ya saurari makaɗan marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya san gangunan nan ba raka waƙa kawai suke yi ba, amsa ta suke yi, su yi kirari, su yi zambo. In ka ɗauki bugun kalangu guda ɗaya ka ajiye a maɓallin fiyano kana dannawa, ka samu ƙarar fata, amma bakin ya mutu. Haka kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, tsarkiya ɗaya tal, amma daɗinsa na cikin ɗan jinkirin nan da ɗan hanzarin nan da yatsa ke yi, wanda in na'ura ta miƙar da shi sai ya zama lami.

Murya ma haka. Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, aikinta ta ja murya zuwa sautin fiyano mafi kusa. A waƙar fim kunnenmu ya riga ya saba da ita. Amma a ɗora ta a kan muryar tsohuwa mai waƙar niƙa, sai a goge ainihin abin da aka zo ɗauka, wato rawar muryarta da numfashinta da ke tafiya da dutsen.

Daga nan muka tsayar da ma'auni uku. Na farko, manhajar ta kasance wadda makirfo ne ƙofarta ta farko, wadda za a iya kashe mata ƙidayar bugu a bar makaɗi ya ja lokaci da kansa. Na biyu, ta dace da ƙarfin kwamfutarmu da halin wutar lantarkinmu, kada batir ya ƙare tana ƙoƙarin buɗewa. Na uku, mu same ta ta halal. Kowa ya san yadda manhajojin da aka fasa suke yawo a filashi daga hannu zuwa hannu. Mu da muke kuka kullum ana tura littattafanmu a WhatsApp ba da izininmu ba, da wane baki za mu yi magana in da kayan sata muka fara? Ban da haka, irin waɗannan sukan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, muryar dattijo kuwa in ta ɓace ba lallai a sake samun ta ba.

Da wannan ma'auni muka faɗa kan biyu da ba a cika ambato a nan ba. Audacity kyauta ce tun fitowarta a 2000, ɗaukar sauti da yankawa da gogewa kawai ta sa gaba, ƙaramin cikinmu ya koye ta a yini biyu. Sai Reaper ta kamfanin Cockos, wadda ta fito a 2006. Ba ta da nauyi, ana gwada ta kwana 60 ba tare da an rage mata komai ba, lasisin masu ƙaramin ƙarfi kuma dala 60 ne. Tana ɗaukar muryoyi da yawa a jere, tana kuma karɓar fiyano ga mai son haɗa kiɗan zamani. Fuskarta ba ta da kwalliya, tana buƙatar haƙuri, amma ita muka zaɓa don babban aiki. Mai son kiɗan rawa na biki, FL Studio za ta fi yi masa sauri, sai dai ya bincika kafin ya biya, domin mafi arahar nau'inta ba a yi shi don ɗaukar murya da makirfo ba.

Ga wanda zai bi wannan hanya, kada ya ajiye asalin aikinsa a MP3, domin tana zubar da wani sashe na sauti don ta rage nauyi. A ajiye a WAV, a kwafa wuri biyu. A nemi izinin mai waƙa, a gaya masa inda za ta je, a kuma ba shi haƙƙinsa, ba goron sallama kawai ba. Mu kuma da muke riƙe da alƙalami, mu rubuta baitocin, da sunan wanda ya rera in ya yarda, da ranar, da lokacin da ake yin irin waƙar. Sauti ba bayani kamar rijiya ce ba guga.

Muna roƙon 'yan wannan zaure na Bichi da Ɗambatta da Katsina da Maraɗi, duk wanda ya san wani makaɗin noma ko wata gwanar waƙar daka da ke raye a garinsu, kada ya jira sai ya mallaki situdiyo. Ya fara da abin da ke hannunsa, ko waya ce. Allah Ya ja kwanan dattawanmu, Ya sa mu riske su da sauran murya.