Bado a Tsakar Gidanmu

Mu da muka tashi a Birnin Yauri ba mu taɓa ɗaukar bado a bakin kome ba. Abincin yunwa ne. A farin 1973 iyayenmu mata sun shiga tabki har ƙugu, suka tsinko 'ya'yansa, suka shanya, suka niƙa, aka yi mana tuwo. Allah ya raya mu da shi. Amma da hatsi ya samu sai muka daina ambatonsa, kamar mai jin kunyar wanda ya ba shi rance.

Bara jikokinmu suka zo hutu, muka ce bari mu nuna musu. Muka tarar tabkin ya zama gonar shinkafa, an fesa maganin ciyawa, ko ganye ɗaya babu. Ba mu ga laifin mai gonar ba, shi ma iyali gare shi. Sai da muka je Wara, a bakin ruwan Kainji, sa'an nan muka same shi a wani lungu.

Da asuba muka isa, gama furensa fari da dare yakan buɗe, in hantsi ya yi ya rufe. Ranar muka dube shi da kyau. 'Ya'yan karfasa suna ɓuya a ƙarƙashin ganyen. Kwaɗi suna bisa. Ga kuma tsuntsun nan mai dogayen yatsu yana taka ganye ɗaya ɗaya, sai ka ce a tudu yake. Wani masunci ya ce inda bado yake ba a rasa kifi, ba kamar baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure ba, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, mai toshe hanyar jirgi da yaga taru.

Muka haƙo saiwa biyu. A nan sai a yi hankali, 'yan'uwa: ƙananan dodon koɗi masu kawo tsargiya suna manne wa ganyen bado. Mun yanke ganyen duka, muka wanke saiwar sarai, muka dasa cikin rabin duro da laka da ruwan rijiya, inda rana take bugawa. Uwargida ta ce sauro muke kiwo, don haka muka zuba ƙananan kifi su cinye tsutsar.

Da yaran suka komo hutu na gaba, ya yi fure. Ran Lahadi nan autar ta tsaya a bakin duro tana jira ta ga ya rufe, har muka makara sujada.