MADARUMFA: FENTIN GWANGWANI YA SHIGO GIDAJE

Wanda ya tashi daga Maraɗi ya nufi kudu, in ya yi tafiyar kamar kilomita 25 zai iso Madarumfa. Ƙasa ce mai albarka. Da kaka, dama da hagu sai dammunan gero da dawa, ga wake, ga gyaɗa. Kusa da gulbi kuma garake ne kore shar. Garin yana bakin babban tabki wanda ke cika da damina, ya janye da rani. Masunta suna kamun kifi a cikinsa, makiyaya suna shayar da bisashe. Kewaye da tabkin akwai kaburburan waliyyai 99, inda mutane ke zuwa ziyara daga nesa. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta sa tabkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin kayan gadon duniya.

Baƙon da ya daɗe bai zo ba, in ya ratsa cikin gari zai ga wani sauyi. Ƙyauren kara da na icce sun ragu. Na ƙarfe sun yawaita, kuma kusan kowane da launinsa: wani shuɗi, wani kore, wani ruwan azurfa. Wasu da buroshi aka shafe su. Wasu kuwa fesa musu aka yi da fentin nan na cikin gwangwani, wanda ake danna kansa da yatsa ya fito kamar hayaƙi.

Mene ne a cikin gwangwanin?

Abu uku ne a ciki. Akwai fentin kansa. Akwai ruwan da ke tsinka shi, shi ne mai warin nan da ke hawa kai. Akwai kuma iskar da ke turo shi waje, ƴar uwar gas ɗin girki ce, tana kama wuta nan da nan. Abin da ke ƙara in an girgiza wani ɗan ƙwallo ne da aka sa don ya dama fentin.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Wani mutumin Amurka mai suna Edward Seymour ne ya fara zuba fenti a irin wannan gwangwani a shekarar 1949, kuma matarsa ce ta ba shi shawara. Launin da ya fara yi shi ne ruwan azurfa, wanda har yanzu masu gyaran keke da babur ke so.

Madarumfa ba ta da nisa da iyaka. Ɗan Isa na nan kusa, bayanta Jibiya, bayan Jibiya sai Katsina. Kaya da yawa ta wannan hanya suke shigowa, wasu kuma daga kasuwar Maraɗi. Shi ya sa kuɗin irin waɗannan kaya ba ya zama wuri ɗaya. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da lokacin da aka sake rufe ta a 2023, mutanen wannan yanki sun ji a jikinsu.

Inda yake da amfani

Abokin wannan fenti shi ne ƙarfe. Bayan an kai amfanin gona gida, bukukuwa suke tashi. Uwar amarya tana son ɗakin ɗiyarta ya fita kunya. Ba kowa ke da kuɗin sabon gado ba. To, tsohon gadon ƙarfe da ya yi tsatsa, in an kankare shi aka fesa masa gwangwani biyu ko uku, sai ya koma kamar yau aka sauko da shi daga mota. Haka akwatin ƙarfe, da tagar langa-langa, da kujera, da ƙarfen amalanke. Ba kyau kaɗai ake samu ba. Fenti yana hana ruwa da iska taɓa ƙarfe, tsatsa ba ta samun wurin ci. A gari na bakin ruwa, inda raɓa da laima suke da yawa da damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma aikin yana da ƙa'ida, kuma gaggawa ce ke ɓata shi. Da farko a kankare tsatsa sarai, a goge ƙura da maiƙo da tsumma, a bari ƙarfen ya bushe. Fentin da aka fesa bisa tsatsa, kafin damina ta kewayo ya ɓamɓare. A girgiza gwangwani minti ɗaya ko biyu bayan an ji ƙarar ƙwallon. A riƙe shi nesa da ƙarfen kamar taƙi ɗaya da ɗan ƙari, wato santimita 20 zuwa 30. Hannu ya riƙa tafiya, kada ya tsaya wuri ɗaya. In ya tsaya, fentin zai taru ya zubo kamar hawaye. Shafi biyu ko uku marasa kauri, ana ɗan jira tsakaninsu, sun fi shafi ɗaya mai kauri. In an gama, a kifa gwangwanin a danna har iska kaɗai ke fita, don kada bakinsa ya toshe.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ranar da hunturu ke busawa, rabin fentin iska ce za ta sha, rabin da ya kama kuma ƙura ta manne masa. Da sassafe ya fi, a waje, cikin inuwa, mai fesawa ya ba iska baya, ya ɗaure hanci da baki. Yara da mai ciki su yi nisa.

Bangon ƙasa ba ya son sa

A nan ne mutane ke asarar kuɗi. Wani ya ga ƙyaurensa ya yi kyau, sai ya ce bari ya fesa wa bangon zaure. Gwangwani ɗaya na mililita 400 da ƙyar yake rufe ƙyauren ɗaki ciki da waje. Bangon ƙasa kuwa shanye fenti yake yi kamar yadda rairayi ke shan ruwa. Jikar da aka samu da guminta sai ta ƙare a kan bango, launi bai fito ba. In ma ya fito, ƙasa ba ta riƙe shi. Ruwan farko ya daki bango, fentin ya faɗo tare da yaɓen.

Bangon ƙasa yana da adonsa tun kaka da kakanni, kuma ba a ƙetare iyaka kafin a samo shi. Akwai farar ƙasa da mata ke jiƙawa su shafe ɗaki, ya yi haske, ya yi sanyi. Akwai jar ƙasa ta yin zane a ƙasan bango. Akwai makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, wadda ke sa daɓe ya yi ƙarfi ya yi sheƙi, har a share shi shekaru bai tashi ba. Magina na da suna yin laso da katsin marina, su shafe soro ruwa bai shiga ba. Wanda ya je unguwar Birni a Damagaram ya ga zanen da magina suka fitar a goshin gidaje da hannunsu. Duk waɗannan suna barin bango ya yi numfashi, laima ta fita. In sun koɗe, a sake shafawa bayan damina, ba a ci bashi ba. Abin takaici, ƴan matan da suka iya jiƙa makuba suna raguwa. Tsofaffin da suka sani suna nan a Gabi, da Safo, da Sarkin Yamma, da cikin Madarumfa kanta, ba mai tambayarsu.

Bangon siminti yana karɓar fenti, amma shi ma na bokiti da buroshi ya fi araha. Na gwangwani sai dai don ɗan zane ko rubutu. Masu shaguna suna yanka haruffa a kwali, su ɗora a bango su fesa. Wanda ya yi karatun manya yana iya rubuta sunansa a ƙofar gidansa ta haka.

Kwanon abinci da bisashe

Kwanukan jere in sun koɗe, wata takan so ta sabunta su. In na rataye ne a bango, a fesa bayansu kawai. Cikin kwano, da ƙwarya, da akushi, da ludayi, da randa, da duk abin da ci ko sha ke taɓawa, kada fenti ya kusance shi. Wasu fentoci, musamman ja da ruwan ɗorawa, ana sa musu darma. Ido ba ya ganinta. Darma tana taruwa a jikin yaro, ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. Mutanen wannan yanki sun ji labarin Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya da ake daka a gidaje darmar ta fito, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka ɓamɓaren tsohon fenti da aka kankare, a share shi a binne, kada yaro mai rarrafe ya kai baki.

Makiyaya da dillalai suna yi wa raguna alama da fenti, musamman gab da Layya. In ya zama dole, a yi bisa ƙaho, nesa da ido da hanci. Jar akuyar Maraɗi fatarta ce ta sa aka san ta har Turai. Bai kamata a ɓata wannan fata da ruwa mai ƙuna ba.

Wuta

Rubutun jikin gwangwani yawanci da Turanci ne ko Faransanci. Wanda bai iya ba ya dubi hoto: akwai zanen harshen wuta. Malamin karatun manya yana iya karanta sauran. Abin da aka rubuta shi ne kada zafi ya wuce digiri 50. Da bazara a nan zafin inuwa ma yakan wuce 40, balle ƙarƙashin rufin langa-langa ko cikin rana. A aje shi a ƙasa, cikin inuwa, nesa da murhu da fitila. Mai fesawa kada ya sha taba. A garin da rumbuna da dangar kara da bukkoki suke manne da juna, kowa ya san abin da tartsatsi ɗaya ke yi.

Gwangwanin da ya ƙare bai ƙare ba, akwai sauran iska a ciki. Yara suna tsintar gwangwanaye su yi mota, wasu su huda da ƙusa, wasu su jefa a wutar jin ɗumi don su ji ƙara. Wannan yana fashewa, ƙarfensa ya tashi kamar kibiya. Mai gida ya danna kansa a waje har ya daina huci, sa'an nan ya haƙa rami nesa da rijiya da bakin tabki, ya binne shi da kansa.