Mun je Dakoro, mun tarar talla ta shiga waya

Gardama ce ta kai mu Dakoro. A wurin zubi, mata uku cikin ƙungiyarmu suka nemi rance daga asusu don su sayi babbar waya, wai su riƙa tallar kayansu a WhatsApp. Rabinmu suka ce waya ba jari ba ce, ba ta haihuwa kamar akuya, ba a matse ta a sami mai kamar gyaɗa. Sauran suka ce zamani riga ne. Sati biyu ana ja-in-ja, har ɗaya daga cikin masu riƙon makulli ta rantse ba za ta buɗe akwati ba sai an nuna mata inda aka taɓa yin haka aka ci riba. Wata mai ƙanwa da ke aure a Dakoro ta ce can akwai ƙungiyar da ta riga mu shiga wannan harka. Sai aka zaɓe mu mu huɗu, aka ce mu je mu gano da idonmu.

Mun bar tashar Maraɗi bayan sallar asuba. Daga Tibiri hanya ta karkata arewa, muka wuce Sabon Maci, muka wuce Kornaka, tafiyar wajen kilomita 120. Kaka ce, an gama yankan hatsi, dammuna jingim a bakin rumbuna. Muna ƙara gaba itatuwa na ƙara tazara, gawo nan, aduwa can, ƙasa sai rairayi. Wadda ba ta taɓa zuwa ba ta sani cewa Dakoro bakin iyaka ce tsakanin manoma da makiyaya. Tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a wannan yanki kwarin Tarka ne alamarta. Garin kansa ba tsoho ba ne sosai, zamanin Turawan Faransa ya zama mazaunin mulki, a 1947. Birnin Lalle da ke kusa da shi, inda Gobirawa suka taɓa yin sarauta, ya girme shi nesa ba kusa ba.

Mun dace da ranar kasuwa. Hausawa, Fulani, Buzaye, kowa da abin da ya kawo: raƙuma da shanu a kara, ragunan balami masu dogon kunne, jajayen awaki, wake, cuku, man shanu, tabarmin kaba. Tallar da muka sani tun muna yara tana nan daram. Ga mai maganin gargajiya da lasifika a kan baro, muryarsa na maimaita kanta ko ya tafi salla. Ga ƴan mata da faranti a ka suna kiran ƙosai da gyaɗa. Ga sanƙira yana shelar an yi sabon shago. A rumfar mai shayi rediyo na karanta sanarwar biki da cigiyar jaki. Sai dai kusan kowane shago an rubuta lambar waya da fenti a ƙofarsa, kuma rumfar da ta fi cika a layin da muka bi ita ce ta mai cajin waya, da farantin hasken rana a kan rufi da wayoyi sun fi hamsin a kan tebur.

Masu masaukinmu ƙungiya ce irin tamu, ta tsarin Mata Masu Dubara, wanda CARE ta faro a nan jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu ƙasashe da yawa. Akwatinsu irin namu, tararsu ta makara irin tamu. Bayan an sha hura aka shimfiɗa tabarmi, uwar ƙungiyar ta ce, “To baƙi, ku tambaya, ba mu ɓoye muku komi.”

Wadda ta fara magana mai sayar da cuku ce. Tana sarinsa daga matan rugage na wajen Bermo. Da can sai ta ɗora wa ɗiyarta a faranti ta kai tasha, abin da matafiya suka saya shi ke nan, saura ya dawo gida ya ƙara bushewa. Yanzu in kaya ya zo sai ta jera shi a kan faifai mai tsabta, ta ɗauki hoto, ta sa a sitati, wato wurin nan na WhatsApp da hoto ke tsayawa awa 24 duk wanda kuka ajiye lambar juna ya gani. Ma'aikatan da suka taɓa zama Dakoro aka maida su Maraɗi, Damagaram ko Yamai, su ne manyan masu sayenta. Su turo kuɗi ta Nita ko Amana, ita kuma ta ba direba ƙulli da lambar mai karɓa a jiki. Ba ta iya karatun boko ba, ko harafi ɗaya. Muka ce to yaya take yi? Ta yi dariya. “Yaya, mi za ni yi da rubutu? Baki gare ni. In danna in yi magana, su danna su ji.” Wannan ya tsaya mana a rai, domin yawancinmu abin da ke ba mu tsoro ke nan. Saƙon murya ya cire wannan shinge. Kirarin da ɗiyarta ke yi wa cuku a tasha, shi uwar ke yi yanzu daga tsakar gida, kuma ana jin ta har Yamai.

Wata kuma mai kiwon turke ta ba mu labarin ragon layyarta. Da can mijinta ko ɗanta ke kai rago kara, dillali ya shiga tsakani, a dawo mata da kuɗi a ce haka kasuwa ta yi, ba ta da bakin musu. Bara ta ɗauki bidiyon ragon yana tafiya, yana cin dusa, ta tura wa ƴan uwa uku. Kafin sati mutum biyu na tayawa. Ta ce ko da a ƙarshe ba ta wayar aka saya ba, ta riga ta san darajar abinta kafin a fita da shi daga gida. Mu dai a ganinmu wannan shi ne babban amfanin da muka ji ranar, ya fi cinikin kansa.

Amma akwai wata dattijuwa a gefen tabarma da ba ta ce uffan ba, sai jan carbi. Da muka tambaya aka ce dillaliya ce, ta fi shekara talatin tana shiga gida-gida da ƙullin atamfa, kwanoni, turaren wuta da ƴan kunne. Duk kun san irinta. Ita ce kasuwar matan da ba su fita. Ta san wadda za ta aurar da ɗiya, ta san wadda ke son sayar da zanenta a ɓoye don ta rufa wa gidanta asiri, kuma ba a taɓa jin sirri a bakinta ba. Muka matsa kusa muka ce, “Inna, ke fa?”

Ta ce, “Ɗiyana, ni dai ƙahwata ta rage aiki, aljihuna ma ya rage. Da in na shiga gida da turmi, ni kaɗai na san nawa aka saro shi. Yanzu kahin in kwance ƙulli, yarinya ta buɗe waya ta gwada mini irinshi a Kantin Kwari da kuɗinshi.”

Gaskiyarta. Ƴan kasuwar Kano da Maraɗi na zuba hotunan atamfa, leshi da shadda a Facebook da TikTok da gurup-gurup na WhatsApp, da farashi a jiki. Matar da ke ƙuryar ɗaki a Dakoro tana ganin abin da ya sauka Kantin Kwari yau. Abin da ba ta gani shi ne kuɗin mota, canjin naira da sefa, da wahalar iyaka. Ku tuna lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har cikin 2024. Hoto na tsallake iyaka a cikin daƙiƙa, turmin atamfa kuwa sai ya kwana a hanya. Mai saye ta riƙe farashin hoto, dillaliya ta rasa ta cewa.

Sai dai Inna ba ta mutu a sana'a ba, kuma dalilin ya kamata mu riƙe shi. Abu biyu take da su da waya ba ta da su. Na farko, hannu. Mace na son ta taɓa zane, ta murza bakinsa, ta ji ko sitaci ne ya cika shi. Na biyu, bashi. Inna na barin kaya a biya kaɗan-kaɗan, ranar kasuwa zuwa ranar kasuwa, domin ta san gidan, ta san mijin, ta san uwar mijin. Mai shago a Kano ba zai yi haka ba. Yanzu ma jikarta ce ke ɗaukar hoton kayan ta tura wa matan unguwa da safe, wadda ta ga abin da take so ta aiko, sai Inna ta nufi gidan kai tsaye maimakon ta zaga gida goma a banza. Har ƴan matan da ke talla a waya suna kawo mata kaya ta kai, ta karɓo kuɗi, a ba ta la'ada. Ta ce la'adar ba ta kai ta da ba, amma gwiwarta ta gode.

Daga nan hira ta koma kan asara, kuma nan muka fi buɗe kunne. Ɗaya ta ce wani da ba ta sani ba ya yi odar man shanu, ya turo mata hoton takardar shaidar aika kuɗi. Ta ba direba kaya. Da ta je karɓa aka ce babu wani kuɗi da wannan lamba, hoton gyararre ne. Ta kira, waya a kashe. Kuɗin kuwa rancen asusu ne, sai da ta sayar da akuya ta biya. Tun daga ranar dokarsu ita ce kaya ba ya barin gida sai kuɗi ya shiga hannu, in ba wanda aka sani aka san gidansu ba. Wata ta sayi leshi saboda hoto, da ya iso launin daban, ƙyallen kamar gidan sauro, mai sayarwa ta toshe ta. Wata kuma mijinta ya karɓe wayar wata guda saboda maza na kira da dare da sunan ciniki. Wannan ba abin dariya ba ne, ko da yake an yi dariyar. Sun ce wadda za ta fara, ta zauna da mai gidanta tun farko, kuma kada ta sa hoton fuskarta ko na ƴaƴanta, kaya kawai.

Sai mega. Kai, mega! Ita ce ɓeran da ke cin riba ba a ji. Sakatariyarsu ta ce da suka zauna suka yi lissafi, sun tarar wasu na kashe kuɗin mega da caji fiye da ribar da waya ta kawo, domin an shiga da niyyar talla an ɓige da kallon bidiyon rawa. Ga rezo da ke ɗaukewa in an fita gari kaɗan. Shi ya sa mai cuku ke da littafi, ɗanta ɗan lakol ke rubuta mata: abin da aka saya na mega a gefe guda, cinikin da ya zo ta waya a ɗaya gefen. Ta ce watan da gefen farko ya fi nauyi, sai ta kashe data ta koma tasha.

Akwai abin da ba mu zo tambaya ba amma muka dawo da shi. Ɗiyar mai cuku, wadda da take yini a tasha da faranti, yanzu tana zuwa lakol safe da yamma. Uwar ba ta ce don wa'azin kowa ta yi ba, ta ce farantin ne ya daina zama dole. Ba za mu ce haka abin yake a kowane gida ba. Mai ƙosai da mai tuwo ba su da abin yi da hoto, wanda zai ci yana nan bakin titi, kuma mun ga ƴan mata da yawa da faranti a kasuwar nan. Kayan da ke jure tafiya, irin su cuku, ƙuli-ƙuli, turaren wuta, man gyaɗa, kayan saƙa da dabba, su ne waya ke yi wa rana.

Da la'asar muka koma tasha da ƙullin cuku da aka ba mu tsaraba. A bayan motar da muka shiga mun ƙirga ƙulli bakwai masu lambar waya a jiki, direba na ta amsa kira yana cewa ya taso.

Ga abin da za mu kawo gaban ƙungiya ranar zubi mai zuwa. Cikin mata ukun da suka nemi rance, biyu na sayar da turaren wuta da man gyaɗa, ɗaya waina take toyawa. Shawararmu a ba biyun farko, da sharaɗin littafin mega da dokar kuɗi kafin kaya, mai waina kuma a ba ta rancen ƙarin tanda in tana so. Ɗaya daga cikinmu ba ta yarda ba, ta ce a sayi waya guda ta ƙungiya a ajiye wurin sakatariya kowa ta kawo kayanta a ɗauka. Har muka iso Tibiri ba mu daidaita ba. Mai makulli mun riga mun kai mata cukunta, ta karɓa ta ci, ta ce sai ta ji bayani a gaban kowa. Kowace ta zo da wuri, kuma masu manyan wayoyi ku zo da su, za mu so mu ji nawa kuke kashewa a wata.